Mai Hakki na Uku a Cinikin Zane

Kowane ciniki da aka saba gani a kasuwa na mutum biyu ne, mai saye da mai sayarwa. In an ga na uku, to, dillali ne, shi kuwa la'adarsa yake jira. Wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda za a sallama, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Amma akwai wani ciniki wanda ba ya bin wannan hanya, shi ne wanda ake yi da mai zane, watau mutumin da ake kira ya ƙawata bango, ko ya fitar da kamannin wani wuri da mutanensa da fenti. Abu biyu ya raba shi da sauran ciniki. Na ɗaya, ana yinsa ne bisa abin da bai samu ba tukuna, yana can cikin kan mai sana'a. Na biyu, akwai wani mai hakki a cikinsa wanda ba a kiransa wurin ciniki, ba a kuwa shimfiɗa masa tabarma. Wannan mai hakki shi ne mutumin da za a zana.

Ba da aiki ga mai sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Daura. Ko a labarin Bayajidda an ce sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, kāna ya iso rijiyar Kusugu ya kashe macijiya. Haka kuma tun kaka da kakanni mai hali yakan kira magina su yi masa soro, su fitar da zankwaye, su shafe bango da makuba, su zana dagi da takobi a goshin zaure. Da zamani ya juya, siminti da fenti suka shigo, sai aka riƙa ganin keke da agogo da jirgin sama a bangon gidajen Zariya da Kano. Daga nan sana'ar ta bazu har jikin manyan motoci da allunan kantuna.

Ƙasar Daura kuwa ƙasar bakin iyaka ce. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamu, suka raba abin da ya zama Nijeriya da abin da ya zama Nijar, ko da yake mutanen da ke gefe biyun harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Wanda ya bi hanyar Kwangwalam ta zuwa Damagaram, ko ya ci kasuwar Mai'aduwa, ko ya zaga Zango da Ɓaure, zai ga irin zaman da ba ya samuwa a tsakiyar ƙasa. Ga Buzaye da raƙumansu, ga Fulani da garkensu, ga fatake, ga 'yan cirani, ga 'yan kwastan. Irin wannan zama yana jan idon mai zane, yana kuma jan sha'awar mai kuɗi.

To, a ɗauki misali. A ce wani attajiri ya gina babban masauki a Daura, yana so a zana masa kasuwar bakin iyaka a bangon zaure, don baƙi su gani. Ya aika aka kira masa wani mai zane wanda ya tashi a ƙauyukan nan, ya san su ciki da waje. Bayan an gaisa, attajiri ya ce, "Malam, ga bango. Ina son kasuwa da raƙuma da shanu, motata kuma a tsakiya. Nawa za ka yi mini?"

Mai zane ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Aikin wata guda ne, ga kuma abin da zan karɓa."

Alhaji ya ji kuɗin, ya riƙe baki, ya ce, "Haba Malam! Fentin nawa yake? Ai leburan da ya yi mini wata guda yana ɗaukar tubali bai karɓi rabin wannan ba."

Wannan ita ce gardama ta farko, gardamar lada. Alhaji yana auna aikin da tsadar fenti da yawan kwanaki, mudun nan kuwa bai dace da wannan hatsi ba. Abin da mai zane ke sayarwa ba fenti ba ne, shekarun da ya yi ne yana kallon yadda raƙumi ke durƙusawa, da yadda ƙura ke tashi bayan garke, har hannunsa ya iya bin idonsa. Wanda ya ce zai biya kwanakin aiki kaɗai, ya bar shekarun koyo, ya ɗauki kaya biyu ya biya kuɗin ɗaya. Araha kuwa ba ta ado.

Duk da haka gardamar lada mai sauƙi ce, domin shari'a ta riga ta share mata hanya. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa a cinikin ijara, watau ɗaukar mutum aiki, lalle aikin ya zama sananne, ladan kuma sananne, tun kafin a fara. Sun kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya tafi da su, in sun salwanta a hannunsa ba da wata shaida ba. An kuma hori mai ba da aiki ya biya ma'aikaci da gaggawa, tun jiɓin jikinsa bai bushe ba. Saboda haka in za a yi jinga da mai zane, sai a faɗi girman bango, da abin da za a sa a ciki, da wanda zai sayi fenti, da kafin alƙalami, da ranar gamawa. In an rubuta a takarda gaban shaidu, ya fi. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai ga amfanin karatunsa, don ba mai sa shi ya dangwala hannu bisa abin da bai sani ba. Maganar halacci ko rashin halaccin zana abu mai rai kuwa, malamai sun yi bayani mai tsawo a kanta, sun fi tsanantawa ga gunki mai inuwa, sun sauƙaƙa ga itatuwa da gine-gine. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya je ga malaminsa tun kuɗi bai fita daga aljihu ba.

A ce dai an shirya kan lada, an sallama. Bayan kwana goma Alhaji ya zo duba aiki. Ya tsaya ya ƙura wa bango ido, ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma shanun nan sun rame, a ƙara musu tozo. Matan nan masu ɗauke da itace a share su. Buzayen nan kuma kada a bar su bisa raƙuma sun fi motata tsawo. A sauko da su, a sa su durƙushe gabana suna karɓar sadaka."

Mai zane ya yi shiru, can ya ce, "Ranka ya daɗe, tozo zan ƙara, in kana so a mai da hoton na kaka, lokacin da dabba ke da ƙiba. Mata kuma in ka ce a share, bangonka ne. Amma mutanen nan na san su, kanwa da dabino suke kawowa su sayar, ban taɓa ganinsu suna bara ba. Hannuna ba zai iya ba."

Wannan ita ce gardama ta biyu, ita ce kuwa mai wuya. Wa ke da gaskiya, mai bango ko mai alli?

Alhaji yana da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Bango nasa ne, kuɗi nasa ne, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Tela ba ya cewa sai irin ɗinkin da ransa ke so zai yi wa mai riga. Maroƙi kuma in aka ba shi kyauta yakan kai mutum inda ubansa bai kai ba, ba wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali don wannan. Me zai sa mai zane ya fi tela da maroƙi ƙarfin kai?

Amsa ita ce, riga mai ita kaɗai ta shafa, in ta yi muni shi za a yi wa dariya. Kirari kuwa kowa ya san kirari ne, iska ke ɗauke shi, gari na wayewa ya wuce. Hoto ba haka yake ba. Ba ya faɗin cewa shi kirari ne, tsayawa yake yi shiru kamar mai ba da shaida, mutane kuwa sun ce gani ya kori ji. Yaron da aka haifa bayan Alhaji da mai zane sun kwanta dama zai shigo zauren nan, ya ɗaga kai, ya ga Buzu durƙushe yana miƙa hannu, ya tashi da sanin cewa haka Buzu yake. An yi wa mutum shaidar zur ke nan a shari'ar da ba a kira shi ba. Saboda haka sai a rarrabe tsakanin ado da ƙazafi. Mai kuɗi yana da iko ya zaɓi abin da za a zana, ya ce a sa wannan a bar wancan, ya ce a ƙawata shi da motarsa yadda ya ga dama. Abin da ba shi da iko a kai shi ne mutuncin wani, domin mai zane ba zai sayar masa da abin da shi kansa bai mallaka ba.

Kuskuren mai kuɗi tun dā shi ne ya zaci in ya sayi aiki ya sayi mai aikin. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a wanda har yau masana gini ke zuwa kallon bakansa. Ana ba da labari cewa daga baya ya yi wa Sarkin Birnin Gwari wani gini, da ya gama sai aka kashe shi, wai don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Labari ne na baka, amma abin da ya sa bai mutu ba shi ne kowa ya gane ciwon da ke cikinsa. Baiwar da Allah ya ba bawansa haya ake yinta, ba a sayenta.

Akwai wani misali daga nesa wanda ya dace da wannan magana ƙwarai, domin mai shi ma bakin daji ya zana. A ƙasar Amurka an yi wani mutum, Charles Russell, an haife shi a 1864. A 1880, yana ɗan shekara kamar goma sha shida, ya tafi Montana, can yamma, inda a lokacin Turawa masu kiwon shanu ke ta kutsawa cikin ƙasar mutanen wurin na asali, waɗanda aka laƙaba wa suna Indiyawa. Ya yi shekaru yana kiwo bisa doki, irin waɗanda masu zuwa silima suka sani da sunan kaboyi, yana zane in ya sami sarari.

A hunturun 1886 zuwa 1887 ƙanƙara ta rufe ƙasar, shanu suka mutu ba iyaka. Masu garken da yake zaune wurinsa suna can birnin Helena, suka aiko da takarda suna tambayar lafiyar dukiyarsu. Shugaban makiyaya ya rasa yadda zai rubuta amsa. Sai Russell ya ɗauki ɗan guntun kwali wanda bai fi tafin hannu da yawa ba, ya zana sa guda ɗaya, ƙashi da fata, tsaye cikin ƙanƙara, kyarketai na kewaye da shi suna jira. Wannan aka aika. Ba labarin da masu dukiya ke so su ji ba ne, amma shi ne gaskiya, kuma wannan ɗan hoto shi ya fara fitar da sunansa. Dattawan ƙasar Daura da suka ga farin 1973 da 1974, lokacin da mutane da dabbobi suka gangaro daga arewa, ba sa bukatar a fassara musu irin wannan hoto.

Russell bai iya ciniki ba. Da fari yakan ba da hotunansa kyauta, ko ya sayar a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 1896 da ya auri wata mace mai suna Nancy, ita ta karɓi maganar kuɗi a hannunta, ta riƙa yanka farashi mai nauyi, ta tsaya a kai, masu saye kuwa suka biya. Darasin da ke nan shi ne, kunya ba ta da wuri a bakin ciniki. Mai sana'ar da ba ya iya faɗin kuɗin aikinsa, ya nemi amintacce ya faɗa masa, wannan ba kwaɗayi ba ne.

A 1911 hukumar Montana ta ba shi aikin babban hoto don zauren majalisar wakilai a Helena, a kan dala 5,000. Tsawon hoton ya kai wajen ƙafa 25, tsayinsa wajen ƙafa 12, har sai da aka ɗaga rufin ɗakin aikinsa kafin ya shiga. Ya gama a 1912. Abin da aka zana shi ne gamuwar da aka yi a 1805 tsakanin Lewis da Clark, Turawa biyu da gwamnatin Amurka ta aika su nemo hanya zuwa tekun yamma, da wata kabila mai suna Salish, waɗanda suka karɓe su, suka kuma yi musayar dawaki da su. Masu biyan kuɗi Turawa ne, masu zama a zauren Turawa ne, Salish kuwa tun 1891 aka tashe su daga kwarin da suke zaune. Ba wanda ya kira su wurin ciniki. Amma wanda ya dubi hoton zai ga Salish ne suka cika gaba da tsakiya, bisa dawakinsu, cikin kwarjini, Turawan nan biyu kuwa suna can gefe ƙanana, sai an nema ake ganinsu. Bai saɓa alkawari ba, abin da aka yi jinga a kai shi ya zana. Sai dai ya tuna cewa a ranar nan Salish ne masu gida, Turawa baƙi. Hukuma ta karɓa ta biya, hoton kuma yana nan a zauren.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mai zane kullum shi ke da gaskiya. Shi ma ɗan Adam ne, idonsa yana da son zuciya. Russell kansa ya fi son zana zamanin da ya wuce, na ɓauna da farauta, fiye da halin ƙunci da Indiyawa ke ciki a kwanakinsa, har waɗansu masana na ganin irin hotunan nan sun sa mutane sun ɗauki kabilun kamar abin tarihi, alhali kuwa jikokinsu na nan da rai. Haka mai zanen Daura zai iya cika bango da raƙuma da takubba don sun fi daɗin kallo, ya manta da makaranta da asibiti da babur, ya mai da mutanen iyaka kamar waɗanda zamani bai taɓa ba. Wannan ma tauye hakki ne, ko da yake da ƙauna aka yi shi. Akwai kuma mai zanen da ke fakewa da gaskiya don ya ɓoye taurin kai ko lalaci, ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ko a ce ya gyara abin da ya karkace ya ce a'a, haka baiwarsa ta nuna masa. Alkawari kaya ne. Wanda yake da abin da ba zai iya zanawa ba, ya faɗa tun ran ciniki, in kuwa maganar ta taso a tsakiyar aiki, ya faɗa da ladabi, ya yarda a lissafa abin da ya yi a biya shi, ya mayar da saura.

Saura tambaya guda, wadda ba ta da daɗin amsawa. Mai zanen nan yana da iyali, buhun gero ya ƙare, Alhaji kuwa yana iya kiran wani gobe. Shin adalci ne a ce talaka ya bar abincin 'ya'yansa don mutuncin Buzun da bai ma san ana yi ba? Gaskiya ita ce, ba kowa ke iya wannan ba, kuma wanda yunwa ta lanƙwasa ba a yi masa hukunci irin na ƙosasshe. Amma wannan ba ya mai da ƙarya gaskiya, sai dai ya mai da nauyin laifi kan wanda ya matsa. Wanda ya fi ƙarfi a ciniki shi ya fi ɗaukar alhaki. In Alhaji ya yi amfani da yunwar mai zane ya sa shi ya yi ƙazafi, ya ci hakki biyu a zama ɗaya, na wanda ya zana da na wanda aka zana. In kuwa ya ji maganar ya ce, "Ka yi gaskiya, Malam, bar su bisa raƙumansu," bai yi hasarar ko anini ba. Ya ma sami riba, domin baƙon da ya zo daga Damagaram ya ga an girmama mutanensa a bango, gobe ma nan zai sauka.

Wannan magana ba ta tsaya ga masu fenti kaɗai ba. Mai ɗaukar hoto, da mai shirya wasan kwaikwayo, da mawaƙi, da mai rubuta labari a jarida, da akawun da aka ce ya rubuta rahoton wani ƙauye, duk suna cikin wannan ciniki. Kowannensu wani ke biyansa don ya ba da labarin wani. Wanda ya koyi karatu da rubutu ya shiga sahunsu ke nan, domin daga ranar da ya iya riƙe alƙalami, za a zo a ce ya rubuta wa wani takarda a kan wani.

Saboda haka in an zauna cinikin zane, mai kuɗi ya faɗi bukatarsa a fili, ya biya lada cikakke a kan kari. Mai zane ya faɗi kuɗinsa ba kunya, ya faɗi iyakarsa ba girman kai, ya cika alkawari. Sa'an nan kafin a tafa a sallama, su duka biyu su tambayi kansu, da mutumin nan da za a zana yana zaune a nan yana ji, zai yarda? In zai yarda, ciniki ya yi albarka. In ba zai yarda ba, to, da sauran magana.

Allah ya sa a gane, ya kuma kiyashe bayinsa daga cin hakkin wanda ba ya nan.